An bar jaki ana dukan taiki: masu kula da saba da iyakar ƙwaƙwalwar tarayya

Ƙofar Dundaye, ɗaya daga cikin ƙofofi takwas na tsohuwar ganuwar Sakkwato, ta samu sunanta ne daga ƙauyen Dundaye, kuma a wannan yanki ne mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yake, wadda aka kafa a 1975. Kowace shekara matasa masu digirin kimiyyar kwamfuta suna barin wannan yanki su shiga neman aiki, kamar yadda takwarorinsu suke yi daga Zariya da Kano da Katsina. Wasu daga cikinsu akan damƙa musu saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan wani asibiti, ko wata makaranta, ko wata ma'aikata, ko wani ƙaramin banki. Ba a daɗewa irin wannan matashi yake gamuwa da jarrabawar da ba a taɓa yi masa a aji ba. Rumbun bayanai ya tsaya ana tsakar aiki, allo ya nuna saƙon nan na Turanci, "No space left on device", ma'ana babu sauran wuri. Ya duba faifan ajiya, ya tarar ko rabi bai cika ba.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Da farko a kashe saba a sake kunna ta. Idan matsalar ta dawo, a shiga intanet a kwafo wasu layuka masu manyan lambobi a manna su cikin fayil ɗin saiti, ba tare da an san abin da kowane layi yake nufi ba. Idan ta sake dawowa, a rubuta wa shugabanni takarda cewa saba ta yi ƙanƙanta, a sayo sabuwa. Jama'ar da ke layi a waje kuwa, amsa ɗaya ake ba su: netwok ne. A lokuta da dama babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya taɓa ainihin cutar. Cutar tana cikin wata iyaka da babbar manhaja ta gindaya wa abin da ake kira ƙwaƙwalwar tarayya, kuma gano ta ba ya cin fiye da 'yan mintoci ga wanda ya san inda zai duba. Rashin wannan sani a wurin mutanen da ake biya albashi domin shi abin kunya ne, kuma talakan da ya zo karɓar sakamakon gwaji ko biyan kuɗin makaranta shi ne yake biyan tarar.

Mece ce ƙwaƙwalwar tarayya

A babbar manhaja irin ta Linux, wadda mafi yawan sabobin duniya suke aiki da ita, kowace masarrafa da ke gudana tana da nata yanki a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda aka fi sani da RAM, kuma ba ta ganin na maƙwabciyarta. Wannan katanga ce ta tsaro: idan ɗaya ta rikice ba za ta ɓata wa sauran aiki ba. Amma akwai ayyukan da ke buƙatar masarrafai da yawa su ci a akushi ɗaya. Rumbun bayanai na PostgreSQL misali ne mai kyau. Yana buɗe masarrafa dabam ga kowane mai neman bayani, kuma dukansu suna karatu da rubutu a fili guda da aka keɓe cikin RAM, domin kada kowace ta riƙa komawa faifai, wanda ya fi RAM jinkiri ƙwarai. Wannan fili shi ne ƙwaƙwalwar tarayya.

Hanyoyi biyu ne suka shahara wajen neman wannan fili. Tsohuwar ta bazu ne ta Unix System V na kamfanin AT&T, wanda ya fito a 1983, inda masarrafa take kiran shmget ta nemi yanki. Ta biyun ita ce ta ƙa'idar POSIX, inda ake kiran shm_open, kuma a Linux yankin yakan bayyana kamar fayil a wani wuri mai suna /dev/shm, wanda a zahiri cikin RAM yake zaune. Kowace hanya da iyakokinta, kuma iyakar ɗaya ba ta shafi ɗayar ba. Wanda bai fara tantance hanyar da masarrafarsa take bi ba, duk gyaran da zai yi lalube ne cikin duhu.

A tsohuwar hanya iyakoki uku ne, kuma ƙofar gari da kasuwarta sun isa misali. Ta farko, shmmax, ita ce girman yanki ɗaya mafi girma da za a yarda a bayar, kamar faɗin ƙofa da ke ƙayyade girman kayan da za su shige a lokaci guda. Ta biyu, shmall, ita ce jimillar dukan yankuna, kamar faɗin filin kasuwa gaba ɗaya. Ta uku, shmmni, ita ce adadin yankunan, kamar yawan rumfuna, kuma bisa al'ada 4,096 ne. Shekara da shekaru, har zuwa 2014, Linux ya riƙa zuwa da shmmax a kan bayit 33,554,432, wato megabayit 32 kacal. Saba mai RAM gigabayit 64 da mai gigabayit 2 duk faɗin ƙofarsu ɗaya ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wautar sayen sabuwar na'ura domin magance irin wannan matsala: an faɗaɗa kasuwa, ƙofa tana nan yadda take.

Akwai kuma wani tarko da ke kama masu kwafe. Ana auna shmmax da bayit, amma ana auna shmall da shafi, kuma shafi ɗaya a mafi yawan kwamfutoci bayit 4,096 ne. Tsohon saitin shmall na shafi 2,097,152 yana nufin gigabayit 8. Wanda ya ɗauki lamba ɗaya ya manna a wuraren biyu, kamar yadda ake yawan yi, ya ba da jimillar da ta ninka abin da yake tsammani sau dubu huɗu da ɗoriya, bai kuma sani ba.

Saƙonnin kuskure ma suna magana ga mai saurare. Idan aka nemi yankin da ya wuce shmmax, amsar ita ce EINVAL, wato buƙatar ba ta kan ƙa'ida. Idan jimilla ta cika ko rumfuna suka ƙare, amsar ita ce ENOSPC, wadda allo ke fassarawa da saƙon nan na "babu sauran wuri". Idan RAM ɗin ne da kansa ya gaza, amsar ita ce ENOMEM. Cuta uku ke nan, kowace da maganinta, kuma ta ukun ce kaɗai ke iya kaiwa ga batun sayen ƙarin RAM. Ma'aikacin da ya ga ENOSPC ya shiga share tsofaffin fayiloli daga faifai, wani lokacin har da kwafin ajiya na bayanan jama'a, ya bar jaki yana dukan taiki.

Masu cewa an wuce wurin

Akwai masu cewa wannan tsohon zance ne, kuma suna da hujja. A watan Satumba na 2013 PostgreSQL 9.3 ya fito, ya daina neman babban filinsa ta tsohuwar hanya, ya koma amfani da mmap, ya bar wani ɗan ƙaramin yanki kawai a tsohon tsari domin hana a kunna rumbu ɗaya sau biyu. A watan Agusta na 2014 kuma Linux 3.16 ya ɗaga shmmax da shmall zuwa lambobin da kusan babu iyaka a cikinsu. Duka gaskiya ne. Sai dai wannan gaskiya tana tona asirin masu kwafe ne maimakon ta wanke su. Har yau ana manna layukan shmmax da shmall daga rubuce-rubucen da aka yi kafin 2014 a kan sabobin zamani, kuma abin da hakan yake haifarwa shi ne rage iyakar da masu Linux suka riga suka ɗaga. Mutum ya ƙuntata ƙofa da hannunsa, yana zaton ya faɗaɗa ta. Gyaran gangar auzinawa bai wuce haka ba.

Ban da haka, iyakar ƙaura ta yi zuwa wani wuri. Tun bayan fitowar Docker a 2013, manhajoji da dama ana tafiyar da su ne a cikin kwantena, wato wani keɓaɓɓen ɗaki a cikin saba. A saba ta yau da kullum /dev/shm yana iya kaiwa rabin RAM, amma Docker yana ba kowace kwantena megabayit 64 ne kawai, sai in an faɗa masa akasin haka. Daga PostgreSQL 9.6 na 2016, rumbun yana iya raba tambaya mai nauyi ga masarrafai da yawa su yi ta tare, kuma filin da suke musayar sakamako yana fitowa ne daga /dev/shm. A ranakun da aiki bai da yawa megabayit 64 kan wadatar. Ranar da ake haɗa rahoton ƙarshen wata, ko ranar ƙarshe ta rajista da kowa ya yi ca a kan saba, a nan ne filin yake cika, tambayoyi su fara faɗuwa da saƙon "babu sauran wuri". Shi ya sa matsalar take zaɓar ranar da ta fi muni, shi ya sa kuma take lafawa bayan an kashe an kunna, domin cunkoson ya watse na ɗan lokaci. Wannan iyaka ce take sa manhajar Chrome rushewa a cikin kwantena, ita ce kuma take tsayar da masu horar da ƙirƙirarriyar basira da PyTorch da saƙon "Bus error".

Wannan saƙo na ƙarshe yana da dalili mai kyau a sani. Idan masarrafa ta nemi fili a /dev/shm ta bayyana girmansa, Linux yakan amsa ba tare da ya ware shafukan nan take ba. Sai lokacin da aka zo rubutu a kansu ne ake ware su ɗaya bayan ɗaya. Idan wurin ya cika a tsakiyar rubutu, babu damar mayar da amsar kuskure cikin ladabi, sai a aika wa masarrafar siginar SIGBUS, ta mutu nan take. Mai rubuta manhaja da ya san haka yakan kira posix_fallocate tun farko, ya tilasta a ware filin gaba ɗaya, ta yadda in babu wuri zai ji tun kafin a fara aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai ma wata matsalar da ba ta shafi girma ba sam. Manhajar systemd, wadda ke tafiyar da mafi yawan nau'o'in Linux na yau, tana da wani saiti mai suna RemoveIPC. Idan yana kunne, da zarar wani mai asusu na yau da kullum ya fita daga saba gaba ɗaya, sai a share duk yankunan tarayya da ke ƙarƙashin sunansa. Idan an girka rumbun bayanai a ƙarƙashin irin wannan asusu maimakon asusun tsarin na'ura, ma'aikaci zai shiga ya duba wani abu, ya fita, rumbun ya rikice a bayansa. Littafin jagora na PostgreSQL ya yi gargaɗi a kan wannan ƙarara. Babu adadin RAM da zai magance shi, babu kuma lambar shmmax da za ta taɓa shi.

Farashin gyaran lalube

Mai kare al'adar kwafe yakan ce tunda saba ta tashi, ai buƙata ta biya. Amma iyaka tana da aikin da take yi. Yankin tarayya na tsohuwar hanya ba ya mutuwa da mutuwar masarrafar da ta nema shi. Yana nan zaune cikin RAM har sai an share shi ko an kashe na'ura. Manhaja mai yoyo, wadda ke neman yanki ba ta mayarwa, iyakar ce take tona ta da wuri. Idan aka cire iyakar ba tare da an toshe yoyon ba, RAM zai ci gaba da cika har Linux ya kai ga matakinsa na ƙarshe, wato ya zaɓi wata masarrafa ya kashe domin ya ceci na'ura, kuma yakan zaɓi wadda ta fi cin RAM, wadda sau da yawa rumbun bayanan ne kansa. An musanya kuskure mai bayani da mutuwar farat ɗaya a tsakiyar rubuta bayanan kuɗi ko na marasa lafiya.

Haka nan masu gaggawa a Docker sukan ƙara umarnin da ke haɗa kwantena da ƙwaƙwalwar tarayyar uwar saba gaba ɗaya. Matsalar takan tafi, amma katangar da aka kawo kwantena dominta ta rushe, kuma manhajar da aka yi wa kutse tana iya kaiwa ga yankunan wasu. Alhali akwai umarnin shm-size, wanda ke ƙara filin kwantenar ita kaɗai gwargwadon buƙata. Shi ma yana son lissafi, domin abin da aka zuba a /dev/shm ana ƙidaya shi cikin kason RAM na kwantenar.

Batun sayen sabuwar saba ya fi kowane ciwo. Ana shigo da waɗannan na'urori ne da dala, kuma tun da aka saki farashin naira a watan Yuni na 2023 kowa ya san abin da dala ta zama. Cibiyar da ta kashe kuɗin jama'a kan na'ura alhali gyaran layi ɗaya ne a fayil ɗin saiti ta yi asara biyu, domin sabuwar za ta zo da iyakar da tsohuwar take da ita. Kuma ba a ɓoye yake ba cewa takardar neman sayen kaya ta fi takardar neman horo saurin samun sa hannu a ofisoshi da yawa, tunda saye yana da ɗan kwangila, karatu kuwa ba shi da kowa.

Laifin wa

Adalci ya wajabta a ce wani kaso na laifin yana kan waɗanda suka tsara waɗannan abubuwa. Saƙon da ke cewa babu wuri a na'ura alhali RAM ake nufi saƙo ne mai ɓatarwa. Barin shmmax a megabayit 32 har zuwa 2014, lokacin da wayar hannu ma ta wuce nan nesa, jinkiri ne da ya wahalar da mutane a duniya baki ɗaya. Amma masu Linux da masu PostgreSQL sun gyara nasu, sun kuma rubuta bayanin komai kyauta. Shafin jagora na shmget yana zuwa da mafi yawan nau'o'in Linux, kuma ya jera kowane kuskure da dalilinsa.

Sauran laifin na gida ne. Darasin babbar manhaja yana cikin tsarin karatun kimiyyar kwamfuta a jami'o'in Najeriya, amma a wurare da yawa yana ƙarewa ne a allo da takardun hadda. Ɗalibi zai zayyana ma'anar ƙwaƙwalwar tarayya a jarrabawa ya ci maki, bai taɓa rubuta layi ashirin na harshen C da ke kiran shmget ba, bai taɓa ganin EINVAL da idonsa ba. Ƙarancin kayan aiki ba uzuri ba ne a nan. Tsohuwar laftof ɗaya mai Linux ta isa malami ya rage shmmax da gangan, ya sa ɗalibai su gano abin da ya faru, ya cika /dev/shm su ga SIGBUS. Darasin awa biyu ne, ba ya buƙatar intanet, batirin laftof ma zai ɗauke shi ko da babu wuta. Cibiyoyin horon gaggawa da ke yaye masu gina shafukan intanet cikin wata uku su ma suna koyar da yadda ake kunna Docker, su tsallake abin da ke ƙarƙashinsa.

Masu ɗaukar aiki suna da nasu kason. Ana ɗaukar mutum ɗaya a kira shi mai kwamfuta, a ɗora masa gyaran firinta da jan waya da kula da rumbun bayanai, ba saba ta gwaji, ba lokacin karatu, ba wani babba a fannin da zai duba aikinsa. Wanda aka tsare da ihu ana cewa ya tayar da saba yanzu-yanzu, kwafe zai yi. Shugaban da ya karɓi "netwok ne" a matsayin cikakken rahoto kuwa ya koya wa ma'aikatansa cewa babu wanda zai taɓa tambayar dalili.

Abin da ya kamata ya zama ƙa'ida

Tsarin binciken ba shi da tsawo. A fara karanta saƙon kuskure gaba ɗaya daga kundin rahoton manhajar, a rubuta shi kafin a taɓa komai, domin kashewa da kunnawa yana share shaida. A tantance hanyar da manhajar take bi. Idan ba a sani ba, strace zai nuna ko shmget ta kira ko wani fayil ta buɗe a /dev/shm, da amsar da ta samu. Idan tsohuwar hanya ce, ipcs zai nuna iyakokin da ke aiki da yankunan da ake da su, har da waɗanda babu masarrafar da ke riƙe da su, kuma ipcrm zai share su bayan an tabbatar ba na kowa ba ne. Idan sabuwar ce, df a kan /dev/shm zai nuna girman wurin da abin da ya rage, kuma a cikin kwantenar za a duba, domin abin da uwar saba ta nuna dabam ne. Sannan a yi lissafin abin da manhajar take buƙata da abin da RAM zai iya ɗauka, a sauya saiti ɗaya tak, a gwada shi da nauyin aiki irin na ranar cunkoso, a rubuta abin da aka sauya da dalilinsa domin wanda zai gaji kujerar.

Shugaban asibiti ko magatakardar makaranta ba ya buƙatar sanin shmall kafin ya kare kuɗin cibiyarsa. Ya isa ya ƙi sa hannu kan takardar sayen saba har sai an haɗa ta da abu uku: ainihin saƙon kuskuren, adadin RAM da ake amfani da shi a lokacin da abin ya faru, da sunan iyakar da aka ci karo da ita. Ma'aikacin da ya iya kawo waɗannan uku a rubuce yawanci zai gano, kafin ya gama rubutun, cewa babu abin da za a saya. Wanda ya kasa kawo su kuwa horo yake buƙata, kuma kuɗin horon bai kai kuɗin saba ba. Malaman da ke koyar da babbar manhaja a Dundaye da sauran jami'o'in Arewa suna iya rage yawan masu kasawar tun daga zangon karatu mai zuwa, da laftof ɗaya da awa biyu.